Ɗaurin Mai Hannu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Fitilar nan ta sake kunnuwa. 'Yar mitsitsiya ce mai ruwan lemo, a gefen agogon gudu, da hoton inji a jikinta, amma tun safe ta hana ni sakat. A kan gadar da ake hawa kafin asibiti motar ta yi sanyi, ina taka totur tana jan ƙafa kamar tsohuwar da ta ɗauko tulu. Wata babbar mota a bayana tana ta zabga hon, ni ina ta salati, kular abinci tana rawa a kujerar gefe.

Kwanan maigidana goma sha ɗaya a ɗaki na shida. Ya ci cokali huɗu. Ban yi masa zancen fitila ba.

Littafin awon ɗinki ne wannan, amma tunda babu wanda zan dama da surutu a gida, shi zai sha. Shekara ashirin da bakwai ina zuba maigidana yana cewa "uhm", ban san darajar "uhm" ɗin ba sai yanzu.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Yaya ya zo. Wan maigidana ne, kuma tun da aka kwantar da ƙanen nasa ya ɗauki gidan nan ya ɗora a ka, Allah Ya saka masa. Sai dai Yaya idan ya ga ƙuda a miya, tukunyar yake kifarwa. Ya taho da bakanikensa mai ɗan akwatin gwaji. Mutumin ya jona waya a ƙarƙashin sitiyari, ya danna nan ya danna can, fitila ta mutu. Ya ce, "Na goge, Mama. Amma kwamfuta ta nuna matsalar ta wajen bugun inji ce. In ta dawo, sai dai a sauke shi."

A sauke shi! Bakinsa kawai na tsaya kallo. Injin nan maigidana ne ya haɗa shi noti bayan noti, wata biyu yana kansa in ya tashi daga aikin mutane. Ya gama ranar Litinin, ranar Alhamis abin ya faru, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Layin gareji kaf Mai Hannu suke kiransa, don shekara talatin ba a taɓa dawo masa da injin da ya haɗa ba. Ba ya amfani da wani ma'auni. Zai ja noti, ya ja, sai ya ce "ya isa", kuma ya isa ɗin.

Laraba, 5 ga wata, safe

Ta dawo. Ko kwanar masu kayan miya ban kai ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya ya zauna a falo, bai taɓa ruwan da na kawo ba. Ya ce, "Ƙanwata, ba gardama ta kawo ni ba. Na samo wani inji. Ba zan zuba ido motar nan ta mutu miki a kan gada ba, balle ranar da za a ɗauko shi. Mutum ɗaya a kwance ya ishe mu."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ƙona mini rai. Na ce, "Yaya, a ina za a sauke?" Shi ma ya sani sarƙar ɗaga inji a layin gareji take, tsakiyar idon jama'a. Za a rataye aikinsa na ƙarshe a sama kowa yana gani, kuma masu zuwa dubiya bakinsu ba ya riƙe ruwa, kafin yamma labari ya kai ɗaki na shida. Mutumin nan babu abin da ya rage masa yanzu sai sunan da hannunsa ya yi masa. Na roƙi Yaya kwana goma. Ya ce Litinin 17 ga wata zai zo da injinsa, ko na yarda ko ban yarda ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau na je wurin Mai Gilashi.

Shekara goma sha ɗaya rabon da a ambaci sunansa a gidanmu. Tare suka buɗe gareji da maigidana, kwano ɗaya suke ci. Sai Mai Gilashi ya sayo wata doguwar sifana mai awo, wadda ake saita ta, in ɗauri ya kai ta yi ƙas. Wata rana maigidana ya gama ɗaure kan inji, sai ya juyo ya tarar da abokinsa yana bin notocin da sifanar nan ɗaya bayan ɗaya, a gaban mai mota. Ko tari bai yi ba, ya kwashe kayansa ya koma ɗaya ƙarshen layin. Ni ma na taya shi fushi, har na daina gaisa da matar mutumin, baiwar Allah da ba ta ci ba ba ta sha ba.

Garejinsa tsaf kamar ɗakin shan magani. Kowace sifana an zana inuwarta da fenti a bango, in babu ita a wurin inuwar ta tona asiri. Ya ɗago kai ya dube ni ta saman gilashi, ya ce, "Maɗinkiya. Yaya jikin nasa?" Bai ce me ya kawo ki ba. Da na yi niyyar shan ƙamshi, sai na tsinci kaina ina ba shi labarin fitila.

Ya jona nasa akwatin, amma bai goge komai ba. Ya kwafe lambar a littafi, P0325, ya kwafe zafin injin da gudunsa a lokacin da ta kunnu. Ya ce, "Goge lamba kamar a toshe wa mai kuka baki ne. Wannan lambar ba ta ce inji ya lalace ba. Akwai wani ɗan abu a jikin inji, nok sensa, kunne ne. Aikinsa ya saurara ko fetur yana kamawa kafin lokacinsa, ya gaya wa ƙwaƙwalwar mota. In ƙwaƙwalwa ta daina jin kunnen, sai ta tsorata ta rage ƙarfi don kada a yi ɓarna. Ko injin ne, ko waya ce, ko kunnen. Za mu bi su ɗaya-ɗaya."

Na ce kwana goma gare ni. Ya ce, "To kada mu ɓata su da sauri."

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Mai Gilashi ya tuƙa, ina baya, mun hau gadar sau uku. Tambaya kuwa ko likita albarka. Da sanyin safiya take yi ko in ta yi zafi? A ina nake shan mai? Na taɓa jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani? Ban taɓa ji ba. Da muka dawo ya ɗauko dogon sukundireba, ya kafa bakinsa a jikin inji, ya manna kunnensa a ƙota, ya rufe ido. Haka maigidana yake yi, har karkata kan iri ɗaya. Sai na juya na kama kallon bango.

Lahadi, 9 ga wata, rana

Ya ci cokali shida. Ya matse mini yatsu da hannun hagu. Ya yi ta duban ƙugiyar jakata inda makullin mota ke zama, na ce an kai ta wanki. Na yi masa ƙarya, kuma ya san ƙarya ce.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Yau ranar injin ce. Na rufe shago na je na zauna a benci. Ya cire fulogi huɗu ya jera su a kan farin ƙyalle, ya duba bakin kowanne. Sannan ya ɗaura agogon awo a ramin kowane fistin, yana murza makulli yana rubutawa. Da ya gama na huɗu sai ya cire gilashi ya goge, ya mayar, ya sake duba takardar.

Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Ɗan banzan nan." Na miƙe zan ci mutuncinsa, sai na ga murmushi yake. "Maɗinkiya, zo ki gani. Huɗun nan kansu ɗaya, ko tagwaye ba su kai su kama ba. Sabon inji daga kamfani ba ya ba ni haka." Ya auna ƙarfin baƙin mai, shi ma lafiya. Ya ce duk wanda ya sauke injin nan ya ci amanar ƙarfe.

Da na isa asibiti na so in faɗa masa, amma in na faɗa sai na faɗi wanda ya auna.

Talata, 11 ga wata, yamma

Waya. Yini guda cur a kan waya ɗaya! Ya bi ta daga ƙwaƙwalwar mota har inda ta shige ƙarƙashin manifol, wannan ƙarfen mai rassa huɗu da ke kai wa inji iska. Yana lanƙwasa ta taƙi-taƙi yana kallon mita, ko ɓera ya ɗanɗana, ko zafi ya cinye. Ya shinshina soket, ya haska shi da tocila. Babu komai. Na ce, "Malam, kwanaki fa suna tafiya." Ya ce, "Ke in kika yanka yadi ba awo, yana komawa?" Ban taɓa ganin mai haƙurinsa ba, kuma haƙurin nan yana ba ni haushi yana burge ni lokaci guda.

Laraba, 12 ga wata

Ba na son rubutu yau. Likita ya yi magana mai tsawo a kan hannun dama.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ya bar injin ya yi zafi sosai, ya jona mita a wayar kunnen, ya miƙo mini ƙaramar sifana ya ce in ƙwanƙwasa jikin injin a hankali. Da sanyi, ina bugawa allura tana motsi. Da zafi, na buga, na buga, ko gezau. Ya ce, "To, ga shi nan. Kunnen ne yake kurumcewa in ya ji zafi."

Na yi hamdala, na ce a cire shi mana. Sai ya hau goge hannu da tsumma. Wai kunnen yana ƙarƙashin manifol, manifol kuwa ɗaurin Mai Hannu ne. "A sana'armu ba a kwance ɗaurin wani gwani yana raye sai da izininsa. Na taɓa bin bayansa sau ɗaya ba sallama, kin ga abin da ya jawo."

Na ce, "Izini? Da wane bakin zai ba ka?" Na faɗa da ƙarfi har mai walda na maƙwabta ya kashe wutarsa. Shi ne karo na farko da na faɗi abin a fili. Da na gama, Mai Gilashi ya tambaye ni ƙarfe nawa ake barin masu dubiya su shiga.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ya zo da wankakkiyar riga, da lemo a leda, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki na shida kamar ɗalibin da ya makara. Maigidana ya gan shi, ya juya fuska bango.

Mai Gilashi ya jawo kujera ya zauna ta ɓangaren bangon. Bai yi dogon sannu ba. Ya zaro takardar awon nan ya riƙe masa a gaban ido, ya karanta lambobin huɗu da ƙarfi. Sannan ya ce, "Motarka tana wurina. Injin ba shi da laifi. Kunnen nake zargi, kuma ba zan taɓa manifol ba sai ka ce." Sai ya ƙara da cewa, "Wancan karon ma, notocin nan goma da na bi, duk daidai suke. Ko ɗaya bai motsa ba. Abin da na juyo in gaya maka ke nan na tarar ka kwashe kaya."

Maigidana ya daɗe yana duban takardar. Can sai ya ɗaga hannun hagu, ya dunƙule shi, ya murza iska ta hagu, yadda ake kwance noti. Mai Gilashi ya ce, "Na ji," ya tashi ya fita da sauri, ya manta gilashinsa a kan gado.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ya buɗe. Ina tsaye a kansa. Yana kwancewa yana jinjina kai, ɗauri lafiya, ɗauri lafiya, har ya iso na can ciki. Notin kunnen ya ƙi. Sai da ya sa dogon hannu ya danna da ƙarfi kafin ya saki. Abin da ya fito ɗan kewayayye ne baƙi, bai fi murfin kwalba ba, da tsaga siririya kamar gashi daga rami zuwa baki. Ya ce shi wannan abu ɗauri kaɗan yake so, in an matse shi fiye da kima yakan tsage, in ya yi zafi tsagar ta buɗe.

Ya juya shi a tafin hannu, bai dube ni ba, ya ce, "Wannan da wasu biyu na kusa da shi, ranar ƙarshe ya ɗaure su. Ba ɗaurinsa ba ne. Na mutumin da yake ja ne ba ya jin abin da yake ja. Maɗinkiya, tun yaushe hannun ya fara?"

Kofin shayi. Ranar Lahadin da ta gabaci kwanciyarsa ya saki kofi a kan sabuwar shimfiɗa, na yi ta faɗa har da cewa ya girma bai san ya girma ba. Washegari ya ce in ɓalla masa maɓallin riga, na ce ni ba baiwarsa ba ce, cikin wasa, na ɓalla ina tsaki. Yana ji hannunsa yana tafiya, bai gaya wa kowa ba, ya lallaɓa ya gama mini injin don kada in rasa abin hawa.

Lahadi, 16 ga wata

Na wanke shimfiɗar. Tabon shayin bai fita ba, kuma ba na so ya fita.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Yaya bai saɓa alkawari ba. Ya iso da injinsa a bayan akori-kura, an lulluɓe da tamfol, 'yan layin gareji sun fara leƙe. Mai Gilashi ya tare shi da girmamawa, ya ba shi kujera, ya nuna masa takardar awo, ya ɗora masa tsagaggen abin a hannu. Yaya ya ce, "Wannan ɗan ƙwaryar ne zai hana mota hawa gada? Kada ka mayar da ni yaro mana." Mai Gilashi ya ce, "Yaya, ƙaya ma ƙarama ce, amma tana zaunar da ƙato. Sabo yana hanya. Ka ba ni zuwa Alhamis."

Wani daga cikin masu leƙe ya ɗaga murya, wai me ya kashe sensar? Mai Gilashi ya karɓe abin daga hannun Yaya ya jefa a aljihu, ya ce, "Tsagewa ya yi. Kai injin za ka tambaya, in ba ka labari."

Yaya ya ce injinsa zai kwana a nan cikin tamfol. Ranar Alhamis za a sallami maigidana. In fitilar ta kunnu a kan gada, magana ta ƙare.

Laraba, 19 ga wata, yamma

Sabon ya iso. Ya goge mazauninsa har yana ƙyalli, ya zaunar da shi, ya murza notin da yatsu kawai, ya tsaya. Na ce a ƙarasa mana, gobe ce fa. Ya ce, "Ba aikina ba ne." Ya gaya mini abin da yake so a yi. Na ce Yaya ba zai yarda ba. Ya ce ya riga ya yi magana da Yaya.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

A motar Yaya muka ɗauko shi, muka biya ta gareji. Yaya ta dama, ni ta hagu, muka tsayar da shi a gaban bonet. Layin ya yi tsit, har mai walda ya fito. Mai Gilashi ya matso ya buɗe tafinsa a inda su biyu kawai za su gani. Maigidana ya dubi tsagar, ya dubi hannunsa na dama da ke rataye, ya gane. Ba wanda ya gaya masa komai.

Sai Mai Gilashi ya ɗauko doguwar sifanar nan daga bango, ita dai, ta shekara goma sha ɗaya. Ya saita ta, ya kafa ta a kan notin, ya juya ƙotar wajen hannun hagu. Ya ce, "Injinka ne. Ka rufe abinka."

Na ɗauka maigidana zai ture ta. Ya daɗe yana kallonta kamar maciji. Sannan ya kama. Ya ja a hankali, jikinsa duk yana rawa a kafaɗata, ya ja, ya ja, sai ta yi ƙas. Bakinsa ya motsa, ya yi ta kokawa da shi, abin ya fito a karkace amma kowa ya ji: "Ya isa."

Kwana ashirin da takwas rabon da in ji muryarsa. Yaya, ƙaton mutum, ya saki kuka a gaban 'yan gareji.

Awa guda muka zauna a benci Mai Gilashi yana mayar da manifol, kowane noti sai ya ɗago ya dubi maigidana, shi kuma ya gyaɗa kai. Aka goge lambar, yanzu da dalili. Na tuƙa, maigidana yana gefena, Yaya da Mai Gilashi a baya. Muka zagaya har injin ya yi zafi, sannan na nufi gada. Ina taka totur motar ta ɗauka kamar an sake ta daga turke. Ni idona yana kan fitila, ba ta kunnu ba. Shi ko sau ɗaya bai dube ta ba, ya karkata kai ya rufe ido yana saurare.

A saman gadar Yaya ya yi gyaran murya ya ce, "To, wa ke son inji a tamfol?"

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ya ci rabin faranti. Sifanar tana nan jingine da gadonsa, don jiya ya ƙi sakinta har muka iso gida. Na kira Mai Gilashi na ce zan kawo masa abinsa, inuwarta tana can a bango ba kowa. Ya ce in bar ta, shi zai riƙa zuwa aro.

Na cika kofi da shayi na sa masa a hannun hagu, a kan shimfiɗar nan, na zauna kusa ban riƙe masa ba.